Kada Ki Ajiye Usur Ɗinki Saboda Ni

Barewata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta tsaya tsaka, uwar 'ya'yana kuma sarauniyar gidana, ina miki sallama da gaisuwar da ta fi ƙarfin wannan takarda.

Direban bas ɗinku ya zo karɓar sababbin rigunan 'yan matanki, yana nan zaune a kan bencin shago yana karkaɗa makulli, yana ce min, "Tela, hanya fa da nisa." Na ce ya yi haƙuri ya sha ruwa. Ba zan bari jakar nan ta tafi ba tare da maganata a cikinta ba, don abin da kika faɗa min a waya ya hana ni zama, ya hana ni tsayuwa.

Kin ce da an gama wannan gasa ta jami'o'i za ki ajiye aikin horarwa. Kin ce, "Innarka ta yi gaskiya, yaran nan sun fi sanin muryata a waya." Tun daga ranar ban san inda kaina yake ba. In zauna a kan keke in taka, in tashi in leƙa titi, in dawo in tarar na bar dutsen guga a kan yadin mutane. Na ɗinka wa wani malamin jami'a hannun riga a juye. Ya ɗaga ta yana kallo, ya ce, "Tela, lafiya kuwa? Ko sabon yayi ne?" Wace lafiya? Ina mutum zai ga lafiya alhali hasken gidansa na shirin dushe kansa da kansa?

Kin tuna ranar da kika fara shigowa shagon Baba? Kina ɗaliba 'yar shekarar farko, kin rungumo yadi kore, kin tsaya a bakin ƙofa kamar tsuntsuwar da ba ta yanke shawarar sauka ba. Kika ce kina son dogon wando na gudu, wanda zai rufe jiki amma ba zai harɗe ƙafa ba, da ɗankwalin da iska ba za ta fizge ba. Baba ya sauke tabarau ya ce, "'Yata, ke ce za ki yi gudun?" Kika ce, "Ni ce, Baba, in dai wandon bai kayar da ni ba." Ƙanwata ce ta auna ki a bayan labule, ni kuma ina waje riƙe da almakashi, na yanka abin da ba a ce in yanka ba. Wayyo ni! Tun a ranar kika fara jawo min asarar yadi.

Ke kin san tarihin wasannin jami'ar nan daga cikin fili, ni kuma na san shi daga bakin Baba, Allah ya ji ƙansa. Shi ya ɗinka rigunan 'yan ƙwallo na farko, lokacin da filin bai wuce saura mai ƙaya da tsakuwa ba, ɗalibai ne ke tsince duwatsu da hannu kafin a fara wasa, a ja layi da farar ƙasa. Yakan ba da labarin kofin farko, yadda aka shigo da shi a bayan motar ɗaukar kaya, aka zaga harabar jami'a har mai ya ƙare, yara suka sauka suna turawa suna waƙa. Daga nan 'yan ƙwallon hannu suka tashi, shekara da shekaru babu mai iya ƙwace musu kambu. 'Yan kwando suka biyo baya, dogaye kamar giginya, Baba na ƙorafin suna cinye masa yadi. Sai kuma zamanin da komai ya lalace, rufin ɗakin motsa jiki yana yoyo a kan katako, aka daina zuwa gasa, kofuna suka yi tsatsa a kabad, har aka fara kiwon awaki a gefen filin. Mutane suka ce an gama. Ba a gama ba, ashe ke ake jira!

Ina tsaye a bakin wayar da ta kewaye fili ranar tseren miƙa sanda, ranar da hadari ya haɗu ruwa ya tsinke ana tsakiyar gasa. Ke ce ta ƙarshe a cikin ku huɗu, kuma sandar ta iso hannunki bayan kowa ya wuce. Na ce a raina, shi ke nan, Allah dai ya sa kada ta zame. Sai na ga koren wandon nan ya tashi. Na rantse ban ga ƙafarki tana taɓa ƙasa ba! Kin bi su ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ruwan sama ke bin gangare, laka na fallatsa, ɗankwalin yana nan daram, filin duka ya miƙe da ihu. Ba a taɓa samun matan da suka kawo wa jami'ar nan zinare ba sai ku, kuma da ƙafarki aka ci shi. Ni da ko tseren kaza ban taɓa ci ba, na tsallake wayar nan na yaga wandona, masu gadi suka riƙe ni suna tambayar ko ɗan'uwanki ne ni. Na ce musu, "Telanta ne." Kika waiwayo kina haki, ruwa na zuba a fuskarki, kika yi dariya kika ce, "Ku ƙyale shi, wandonsa ne ya yi gudun."

Da wannan dariyar na aure ki, Barewata. Ban auri macen da zan naɗe in sa a akwati ba.

Yanzu dubi abin da hannunki ya shuka. Kin karɓi ƙungiyar mata tana da 'yan tsirarun da ke zuwa a ɓoye, kin bi iyaye gida gida kina durƙusawa kina roƙo. Yau bas guda ba ta ɗaukar su. Akwai masu tsalle, akwai masu jifan mashi, akwai waccan siririyar da kuke kira Walƙiya, wadda mahaifinta ya rantse ba za ta taka fili ba sai don ke ce a kansu. Kin manta abin da ya ce miki a ƙofar gidansa? "Malama, amana na ba ki. Ranar da kika bari, ranar za ta bari." Su nawa ne irinta? Idan kika ajiye usur ɗin nan, wa zai ɗauka? Hotonki na rataye a sabon zauren kofuna, amma hoto ba ya kiran yarinya da asuba ya ce ta tashi a fita atisaye.

Ba zan yi miki ƙarya in ce gidan nan bai yi kewarki ba. Ya yi, har bango ya yi. Auta ta ƙi yarda kowa ya taɓa mata kai, tana yawo da tsohon kitso kamar sheƙar tsuntsu, wai sai Mama ta dawo. Yayanta ya koyi wanke kayan makarantarsa, ya mayar da farar riga shuɗiya. Ni kuwa idan na shiga ɗaki na ga takalmanki na gida a jere a bakin gado, sai in fito tsakar gida in rasa abin da na fito nema. Ke ce ruwan randata, ke ce iskar da ke kaɗa labulen tagata. Idan ba kya nan, abinci ba shi da gishiri, safiya ba ta da haske. Amma wannan kewar tawa ce, ni zan ɗauke ta, ban ba ki ita don ki biya ta da aikinki ba.

Jiya da hantsi na je wurin Inna. Na durƙusa na ce, "Inna, maganar da kika yi wa maman yara ta sa za ta bar aiki." Ta ci gaba da shara kamar ba da ita nake ba. Can ta ce, "Ni ban ce ta bari ba, na ce jikokina suna bukatar uwa. Ƙarya na yi?" Na ce ba ta yi ba. Na taso na koma shago.

Da azahar sai ga ta a shago, abin da ba ta yi ba tun rasuwar Baba. Babu wuta, ina fama da lambobin rigunanku da hannu. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta wajen haske, ta ja tsaki. "Wannan bakwai ce ko lauje? Matsa can." Ta zauna a kujerar Baba, ta sa na zura mata zare a allura, ta farke abin da na yi. Tana ɗinki tana magana, ba ta ko kallona. Ashe lambobin rigunan farko da tambarin ƙirji duk ita ta ɗinka su, tana amarya, Baba na yanka tana ɗorawa. Ta ce, "Kofi nawa aka ci da ɗinkina, ko sau ɗaya babu wanda ya ce zo ki gani." Ba ta tashi ba sai da ta gama ta ƙarshe, ta cije zaren, ta ce, "In matarka ta dawo, ina da magana da ita, kuma ba zan rage komai ba. Amma 'ya'yan mutane ba za su fita gaban jama'a da lamba a karkace ba."

Don haka idan kin buɗe jakar, ki shafa bayan kowace riga. Hannun Inna ne. Ba ta sauko ba, kada in yaudare ki, amma ƙofar ba a kulle take ba, kuma ranar da za ku yi maganar ina zaune a gefenki.

Abu ɗaya nake roƙo, ya farin watana. Kada ki yanke hukunci a nesa da ni, cikin gajiya, da muryar Auta tana kuka a kunnenki. Ki gama gasarki, ku ci ko kada ku ci, ki dawo mu zauna. Idan kin duba zuciyarki kin ga ke ce kika gaji, wallahi da hannuna zan karɓi usur ɗin in rataye, in wanke miki ƙafa, ba zan ƙara tayar da maganar ba. Idan kuwa saboda ni ne, ko saboda bakin mutane, ban yarda ba, ban kuma yafe wa kaina ba in na bari. Zan riƙa rufe shago da wuri in ɗauko yara, zan koyi duk abin da ake koya, har kitson in ya kama, ko da unguwa za ta yi wata guda tana dariya.

Direba ya fara danna hon, dole in naɗe. Ki gaida 'yan matan, ki ce su gudu da zuciya ɗaya. Ke kuma ki ci abinci, na san halinki idan gasa ta matso.

Ni naki ne ranar da ake ɗaga ki sama, naki ne ranar da kika dawo hannu wofi, naki ne har ranar da ƙafafun nan biyu za su nemi sanda, ni kuma idona ya daina ganin kafar allura. A nan za ki same ni.

Mijinki,
Telanki