Sun Jefa Mu Ƙarshen Jeri

Daren Laraba, Ƙofar Durbi

Har yanzu raina a ɓace yake. Ko wasa ɗaya ba a buga ba, amma masu sharhi sun jera ƙungiyoyi sun jefa tamu ƙarshe, wai golanmu rariya ne. Ƙanena Nura suke nufi. Lawal mai shayi ya karanta mani yana dariya, na ture kofin na taso. Sun taɓa ganin yaron nan yana atisaye da gwiwa a ɗaure?

Na iske Nura yana wanke safar hannunsa. Na ce kada ya kula su.

Ya ce, "Yaya, na gani. Kada dai Inna ta ji."

Ashe ta ji. Ta ce in nemo mata tikitin wasan farko.