Allon Rumfar Doya

Salaga, daren Laraba

Tun ranar da Maigida ya shigo da farin allo ya ce zai kai Tamale a buga masa sunan rumfarsa da kwamfuta, komai nawa ya canza. Na ce ya bar min. Ya yi dariya: "Ke da littattafan soyayyarki? Doya nake sayarwa fa, Rabi, ba turare ba." Amma ya bar min.

Na kwaikwayi haruffan bangon tsofaffin littattafaina, masu ƙiba da tumbi, kowanne da jela da jar inuwa a bayansa. Har lambar waya sai da na lanƙwasa. Direbobin Bawku masu sarin doya suka riƙa wucewa abinsu, mata kuwa suna leƙowa suna tambayar ina mai kitson. Maigida ya ce in bai gyaru ba, ranar Asabar allo ya tafi Tamale.

Jiya na tsallaka titi na dubi aikina daga inda motoci ke bi. Kowane harafi rawa yake, ido bai san inda zai sauka ba. Na shafe shi. DOYA kaɗai na bari da tumbinta da jelarta, sauran na rubuta su a miƙe.

Yau wata babbar mota ta ci birki tun daga nesa. Da Maigida ya tashi daga rumfa, ya dawo min da tsire.

Adiza mai kitso ta aiko tana son irin na farkon. Har yanzu hannuna warin fenti yake. Gobe zan je in auno allonta.