Mara Lafiya Ta Bakwai

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwar da ta san ta yi laifi. Yaya jiki, yaya shago, yaya 'yata da karatun nas? Allah ya sa hannun ya lafa.

Na san 'yar tawa ta riga ta faɗa miki. Ta kira ni ranar Talata, ko gaisuwa babu, ta ce malaminsu ya haska hoton wasu hannuwa a bango, fata duk ta tsattsage, ƙaramin yatsan hagu a lanƙwashe. A gaban ɗalibai tamanin ta gane na mahaifiyarta ne. Ba ta yi kuskure ba, Yaya, naki ne.

Kin tuna shekarar da nake zaune a ɗakinki, ina binciken borin fatar da rinin gashi ke jawo wa masu gyaran kai? Na same ki a bayan shago kina wanke kwanonin rini, na roƙe ki ki cire safar hannu in ɗauki hoto, wai shugabana zan nuna wa ya rubuta magani. Ke da ko mijinki ba ya ganin hannun nan a haske, kika cire don ni ce. Maganin na kawo miki, amma hoton a maƙalata na saka shi, na kira ki mara lafiya ta bakwai. Takardar amincewa kuwa ni na cike ta, na ce wa kaina ai abin yayata nawa ne.

Maƙalar nan ce ta fito da ni. An ambace ta a bincike sama da dubu biyu, kuma wata mai zuwa za a ba ni lambar yabo a kanta. Shekara goma sha biyu ina tsayawa gaban manyan likitocin fata ina nuna hannunki da sanda, ana tafa mini, ina wani sunkuyar da kai kamar mutuniyar kirki. Yanzu kunya ta hana ni haɗa ido ko da mai sharar ofishinmu.

Ki yafe mini, ko ki kira ni ki wanke ni tas. Duka biyun ina jira.

Taki,
Auta

Yayata,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigida.

Mako uku ba ki ce uffan ba, kuma ban ga laifinki ba. Na rubuta wa editan mujallar gaskiyar yadda aka sami hoton. Kwamiti ya zaunar da ni awa biyu, an dakatar da lambar yabon, za a kuma cire hoton. Sai dai wanda ɗalibai suka riga suka kwafa, ba ni da yadda zan dawo da shi.

Har na fara jin na yi abin a zo a gani, sai ga 'yata jiya da saƙonki. Ta ce kin sa ta fassara miki abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, sannan kika ce: "Hoton bai dame ni ba, hannu ne, kowa yana da shi. Amma ki tambayi Auta, da na daina aikin, wa zai riƙe ta har ta gama karatun likitan?"

Wallahi na manta da layin, sai da na buɗe maƙalar. Na rubuta cewa mara lafiya ta ƙi barin sana'ar duk da an ba ta shawara sau uku. Ni ce mai shawarar. A kan tabarmarki na rubuta shi, cikina cike da abincin da rinin nan ya saya. Likitoci dubu biyu sun karanta ki a matsayin mai taurin kai, ni kuma na riƙa tashi da safe ina duba ko adadinsu ya ƙaru.

Na nemi a gyara layin. Edita ya tambayi abin da za a saka a madadinsa, kwana guda ina kallon farar takarda na kasa. Ba ni ya kamata in faɗa ba, ke ce.

Zan shigo motar safe ranar Asabar. In ba ki son ganina a gida, zan zauna a bencin shago cikin masu jiran gyaran kai, har layi ya zo kaina.

Ƙanwarki mai jin kunya,
Auta