Bangon da Baba Ya Zana

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya aikin asibiti? Yaya idon Mama? Kin ce yanzu haske da duhu kawai take bambantawa. Ki ci gaba da ɗiga mata maganin ko tana yi miki mita. Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace, kuma gara in rubuto miki, don takarda ba za ta ba ki damar katse ni ba.

Dattawan ikilisiya sun kira ni bayan sujada. Wai bangon ɗakin makarantar Lahadi ya sha danshi, shafen ya kumbura, sai an kankare shi har bulo. Bangon Baba fa, Yaya, wanda ya zana labarin halitta a kai tun daga ƙofa har taga. Suka zaunar da ni a bencin yara, gwiwoyina a haɓata, Fasto yana ta lallaɓa magana. Wai in kwafe zanen a takarda, a kankare, a sake shafe, sa'an nan in mayar da shi yadda yake, tunda ni na gaji buroshin.

Kin san bakina. Na ce musu rufin nan yana yoyo tun Baba na da rai, ya yi magana har ya gaji, ba wanda ya hau tsani. Baba Tela, ɗaya daga cikin dattawan, ya ce bango dai bango ne, kan yara ake ji. Na ce masa wandon da ya ɗinka mini bara ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, ba shi zai koya mini aikin hannu ba. Na kuma tuna musu cewa da Allah ya gama aikinsa dubawa ya yi ya yaba, bai kira magini ya kankare ba. Fasto ya yi murmushin nan nasa da ke ƙara tunzura ni.

Wa ya san bangon nan kamar ni? A jikinsa na koyi karatu. Kin tuna Baba bai iya karatu ba, rubuta masa kalmomin aka yi, ya kwafe su a ƙarƙashin hotunan kamar yana zana ganye. Kuna tafiya makaranta, ni ina riƙe masa tsani, da an tashi aiki sai in tsugunna can ina bin haruffan da yatsa, ina damun Malamar makarantar Lahadi da tambaya har na fara haɗa su.

Malamar ce ma ta miƙo mini manyan takardu, ta ce in kwafe ko don gaba. Na ture su. Na ce zanen yana kaina kaf, ido rufe zan iya fitar da shi, amma hannuna ba zai shiga wannan ɓarnar ba. Dabarata ke nan: muddin ban kwafe ba, ba su da zuciyar taɓa shi.

Kada ki gaya wa Mama. Ki shafa mini kan yaran.

Ƙaninki,
Auta, wanda kike kira Barkono


Yaya,

Ina gaishe ki da fatan alherin Ubangiji yana tare da gidanki. Yaya Mama, yaya ƙafar maigida? Na sami amsarki. Kin ce in sauke girman kai in je in kwafe. Ta iso a makare, ko kuma ni ne na buɗe ta a makare, don na san abin da ke ciki.

Bangon ya tafi.

Bayan rigimar na daina zuwa sujada. Na karɓi aikin fentin wani bene a can ƙarshen gari don kada a same ni. Fasto ya zo ɗakina, ina jin ƙwanƙwasawarsa na yi lamo. Sai aka yi ruwa mai ƙarfi, wani ɓangaren shafen ya rufto a kan bencin gaba, inda ƙananan suke zama. Allah ya tsare, ranar ba kowa a ɗakin. Washegari aka kira magini. Da Malama ta ce a jira ni, dattawa suka ce ai yaron ya faɗa da bakinsa, zanen yana kansa. Sun yarda da ni, Yaya. Da sun ɗauke ni maƙaryaci da sun nemi mai hoto.

Na je na tsaya a ɗakin. Bulo tsirara, ƙura, warin siminti. Magini ya riga ya kwashe ɓaraguzan. Na nemi wanda zan zaga, ban samu ba.

Na dawo na shimfiɗa kwali, na ɗauki gawayi, na ce bari in nuna musu. Na rubuta kalmomin duka ba tuntuɓe, har yadda Baba yake lanƙwasa wutsiyar harafi. Da na zo kan hotunan sai hannuna ya tsaya. Rana tana dama ne ko hagu? Na san akwai kifi, amma wane iri? Mutum na fari yana tsaye ne ko yana zaune? Na yi shekaru a gaban bangon nan, ashe idona a ƙasa yake, kan rubutun da ba nasa ba ne, wani ya ba shi. Abin da ya fito daga zuciyarsa da hannunsa yana sama da kaina, ban ɗaga kai ba. Ina ta alfahari na fi shi karatu.

Kabarinsa ba ya ce mini komai. Gaban bangon nake zuwa in ina kewarsa, in zauna a ƙaramin benci. Takardun Malama suna nan inda na ture su, a naɗe a kan kabad. Aikin yini ɗaya ne da.

Na yi ƙoƙarin addu'a, ta koma faɗa. Na ce wa Ubangiji tunda shi ya yi komai daga babu, ga babu nan na kawo masa, ya nuna mini. Ban ji komai ba sai injin niƙan maƙwabta.

In kin tuna wani abu na zanen, komai ƙanƙantarsa, ki rubuto mini. Mama kuwa ki bar ni in san yadda zan gaya mata.

Naki,
Auta


Yayata abar ƙaunata,

Salama da alheri su tabbata a gare ku duka. Ina fata kowa lafiya, musamman Mama. Da na ga kin karanta mata wasiƙuna biyu, har da zancen wandon, na yi niyyar in wanke ki tas. Na fasa. Ki rubuta wannan a wani wuri, ba kullum yake faruwa ba.

Na gode da abin da kika tuna. Ban san karen nan namu mai ɗingishi yana cikin dabbobin ba, a bayan giwa. Na zauna na yi ta dariya, daga baya ta zama wani abu.

Na koma sujada, kuma tun da aka ji halin da nake ciki kowa yake kawo mini guntunsa. Malama ta ce itatuwan suna da 'ya'ya ja. Mai kiɗan garaya na ƙungiyar mawaƙa ya rantse rawaya ne. Matar Fasto ta tuna taurari har kan ƙofa. Baba Tela, da na je ba shi haƙuri, bai bar ni na gama ba. Ya ce in kawo wandon ya rage ɗaya ƙafar, sa'an nan ya zana mini tsuntsu da allin ɗinki a kan teburinsa, ya ce Baba a shagonsa ya gwada shi. Tsuntsun ya fi kama da takalmi, amma na yi masa godiya.

Guntayen ba sa haɗuwa, Yaya. Ko na tara su duka, abin da zai fito ba na Baba ba ne. Wannan na haƙura da shi, ko in ce ina koyo. Akwai alkawarin nan na sabuwar sama da sabuwar ƙasa da nake wucewa da gudu in ina karatun Littafi Mai Tsarki. Yanzu na tsaya a kansa. Abin da ya riƙe ni shi ne, ni na manta tsuntsayen Baba, amma Allah bai manta ko tabon fentin da ke farcensa ba. Ba ya buƙatar takarda. Ranar da zai ta da Baba, cikakke zai ta da shi.

Saƙon Mama ne ya ba ni mafari. Ta ce in daina kuka a kan siminti, kuma ta tuna yadda Baba ya fara: ya shafe bangon duka da baƙin fenti, ya ɓata mata kwanon wanki, dattawan wancan lokaci suka zaci ya taɓu. Kowane mai fenti da fari yake farawa. Shi ya ce kafin Allah ya yi magana duhu ne, daga nan ya kamata a tashi. Na tambayi magini, ya ce haka ne, ya ga baƙi a ƙarƙashin launukan da yake kankarewa.

An gyara rufin, ni na hau da kaina. Sabon shafen ya bushe. Jiya na shafe shi baƙi ƙirin daga ƙofa har taga. Baba Tela ya leƙo, ya ga baƙin, ya juya ya tafi.

Ga roƙona. Ki nemi hutu ki kawo Mama. Hotunan da zan yi ba za ta gan su ba, ko karen, ko tsuntsun, kuma zanen Baba da zan iya mayar mata, na bari ya tafi. Amma kin ce tana bambanta haske da duhu. Na ajiye farin fenti da babban buroshin Baba, na jiƙa shi ya yi laushi. Zan riƙe mata hannu ta ja layin farko. Wannan kam za ta gani.

Ba zan taɓa bangon ba sai kun zo. Ki gaishe da maigida da yaran. Ubangiji ya kawo ku lafiya.

Ƙaninki mai jira,
Auta