Ɗaki a Bayan Gida

Ɗana Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ka isa sabuwar jihar lafiya. Yawancin matasa suna ɗauka cewa wanda albashinsa ya ninka, ƙarfinsa ma ya ninka. Ba a nan take ba. Abin dubawa shi ne me zai rage maka bayan haya da ruwa da kuɗin mota. Na san aikin gyaran rubutu a kamfanin buga littattafai ya dace da kai, amma ka bincika tukuna. Hedimasta ya ce zai riƙe maka ajinka har ƙarshen wata. Me zan faɗa masa?

Taka,
Gwaggo

*

Gwaggona,

Ina gaisuwa da ladabi. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki ba yaro ba ne. Kamfani ya sauke mu a masauki na mako guda, kuma ina zaune a ofis na samu ɗaki ta waya. Dillali ya ce ɗaki ne da bayan gida, ga arha kamar kyauta. Har na biya hayar shekara kafin wani ya riga ni. Ki ce wa Hedimasta na gode, ya ba wani alli.

Naki,
Auta

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa a gurguje. Na tare. Da na nemi bayan gidan, sai dillali ya zagaya da ni ta lungu, ya nuna min wata ƙofar langa-langa. Wai shi "a bayan gida" ya ce, ba "da bayan gida" ba. Kafin ni, kajin mai gidan ne a ciki, kuma har yanzu ba su yarda an sallame su ba. Bayan gida na gaskiya yana tashar mota, kowace shiga sai an biya. Saboda haka na rage shan ruwa, wanda shi ma saye ake yi. Mota biyu nake hawa zuwa ofis. Aikin kam ina son sa, amma don Allah kada ki je wa Hedimasta da saƙon nan tukuna.

Ɗanki,
Auta

*

Auta, ɗan albarka,

Ina amsa gaisuwa. Sai da na share hawaye don dariya. Mai gyaran rubutu, harafi ɗaya ya kayar da kai!

Saƙonka na Hedimasta kuwa, ranar da ya iso na kai shi. Hedimasta ya rasa malami, ni kuma tun da na bar koyarwa zaman fansho ya gundure ni. Na auna yadda na ce ka auna: ba haya, ba mota, makaranta na kallon ƙofata. Ajinka yana hannuna tun ranar Litinin, kuma yaran sun ce na fi ka murya.

Hanyar dawowa ta toshe ke nan, sai ka yi gaba. Ka sauke girman kai, ka tambayi abokan aikinka yadda suke yi. Gwada ka gani.

Taka,
Gwaggo

*

Gwaggo,

Gaisuwa. Na gwada. Ashe mu uku ne a ofis dillalin nan ya yi wa wayo ta waya. Mun haɗu mun kama gida kusa da kamfani, kuma sai da kowa ya shiga bayan gidan ya ja ruwa kafin mu sa hannu. Na zauna.

Ki kula da na benci na ƙarshe, kwafar amsa suke yi.

Naki har kullum,
Auta