Makin da Aka Ce 'Yata Ta Ɓoye

Anti Loretta, ki taimake ni kafin in aikata abin da zai sa 'yata ta daina yi mini magana.

Ni mai dafa abinci ce a sakandaren garinmu, shekara goma sha tara ina zuba wa 'ya'yan mutane dankali da miyar nama. 'Yata Raelynn tana ajin ƙarshe a nan, kuma burinta ta karanta injiniyancin ban ruwa a babbar jami'ar jiharmu. Sau uku ta zauna jarrabawar shiga jami'a. Babu cibiyar jarrabawar a garinmu, sai mu yi tafiyar awa ɗaya da rabi a tsohuwar motata, in zauna a waje ina cizon farce har ta fito. Ta farko ta ci ashirin da ɗaya cikin talatin da shida, ta biyu ashirin da huɗu, ta uku ashirin da bakwai. Yaran makarantarmu yawanci a sha takwas suke tsayawa. Ba mu ɗauko mata malami ba. Littafin laburare ta aro, wani ma ya riga ya cike amsoshin da fensir, sai da ta bi shafi-shafi ta goge kafin ta fara. Ranar da sakamakon ta ukun ya fito ta yi ihun da maƙwabta suka leƙo, na manna takardar a ƙofar firiji.

To, sai ga Mista Haverkamp, mai ba ɗalibai shawara. Wai yanzu jami'ar ba ta tilasta a tura maki, wanda ya so ya tura, wanda bai so ba ya bari. Wai waɗanda ake ɗauka makinsu yana wajen talatin, don haka Raelynn ta danna gurbin "kada a duba makina", kowa ma haka yake yi. Yarinyar nan ta dawo gida ko jakarta ba ta ajiye ba, ta cire takardar daga firiji ta cusa a aljihun teburin da muke tara matattun batura. Da na yi magana sai ta ce, Mama ki bari, ashe ba wani abin a zo a gani ba ne. Raina ya ɓaci, Anti, har yau bai dawo daidai ba.

Washegari na tare shi a layin abinci da ludayi a hannuna, a gaban yara. Na ce masa, ranka ya daɗe, wato ɗan likita mai malamai biyu ya nuna nasa, 'yar mai girki ta ɓoye nata kamar ta sato? Ya ce in yi haƙuri, lissafi ne kawai. Na zuba masa ƙaramin yankan nama, ban kuma yi nadama ba.

Ga inda matsalar take. Na san kalmar sirrin da take shiga fom ɗin neman jami'ar a intanet da ita, sunan karenmu da ya mutu ne. Ranar ɗaya ga Nuwamba ake rufewa, saura kwana tara. Na ƙudura in shiga in canza gurbin nan ba tare da ta sani ba. Ba za mu ɓoye guminmu don wasu su ji daɗi ba! Sau biyu na buɗe kwamfutar na rufe. Ki gaya mini ina da gaskiya.

Uwa Mai Ludayi

*

Uwa Mai Ludayi,

Kina da gaskiya a fushinki, amma ki janye hannunki daga kwamfutar nan. Idan kika danna aka ɗauke ta, za ta ce ke kika shigar da ita. Idan ba a ɗauke ta ba, za ta ce ke kika hana ta. Ta kowace hanya kin karɓe mata abin da ta yi shekara tana ginawa, kuma za ta gane, domin yaran nan suna ganin komai.

Mista Haverkamp bai yi ƙarya ba, shawararsa tana yi wa wasu yara amfani. Sai dai ya karanta rabin lissafin. Talatin ɗin nan makin waɗanda suka zaɓi nunawa ne kawai. Duk mai ƙasa da haka ya ɓoye, sai adadin ya ƙara hawa, badi masu ashirin da tara ma su ji kunya. Ashirin da bakwai daga makarantar da ake tsayawa a sha takwas ba ƙaramin abu ba ne, kuma mai karanta fom da idon basira zai so ya gani.

Kada ku yi aiki da zato, nawa ko nasa. Raelynn ta buga wa ofishin ɗaukar ɗalibai waya da kanta, ba ke ba. Ta tambaya ko suna auna maki da na makarantar da ɗalibi ya fito, ko sashen injiniya yana son ganin makin lissafi, sannan ko akwai tallafin karatu da ba a bayarwa sai da maki. Da ni ce, zan tura. Amma ita za ta danna, kuma in ta zaɓi ɓoyewa bayan ta ji amsa, ki haɗiye ki rungume ta. Ki kuma faɗa mata kin san kalmar sirrin, ta canza.

Shi kuwa bawan Allahn nan Mista Haverkamp, ki cika masa faranti gobe. Shi zai rubuta mata takardar shaida.

Abu ɗaya ne ba sai kin nemi izinin kowa ba. Fom nata ne, amma firijin naki ne. Ki buɗe aljihun teburin nan yau, ki ciro takardar daga cikin matattun batura, ki mayar da ita inda take, daidai tsayin idonta.

Allah ya buɗa wa Raelynn ƙofa, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Loretta