Sunansa Maraba

Aujara,
16 ga Mayu, 2000.

Zuwa ga mai ɗakina Zaituna,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da jaririyarmu Ummi. Yaya ruwan zafi? Yaya cibiyarta, ta warke sarai? Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Dada cikin girmamawa, ki gaishe da yayanki Falalu da duk mutanen Ringim.

Bayan haka, ina so ki ji daga gare ni kafin Sagiru direba ya kai muku labarin da ƙari: na sayi doki.

Kin san abin da ya faru bara. Da ruwa ya sauka fadama ta cika, babur ɗina ya kasa ƙetarewa, 'ya'yan makiyayan da nake koyarwa a rugar Arɗo suka yi damina guda babu malami. Da na koma bayan kaka, wasu har rubuta sunansu sun manta. Arɗo ya faɗa mini ido da ido, in bana ma haka za a yi, zai rushe rumfar makarantar ya mai da yara kiwo. Ban ga laifinsa ba. Inda babur ya kafe, doki yana wucewa, shi ya sa ranar Lahadi na tafi kasuwar Gujungu.

Dukushi ne, bai daɗe da fara ɗaukar sirdi ba. Ja ne mai baƙar geza, da ɗan fari a goshi kamar an ɗiga masa nono. Da kin ga yadda yake kallon mutum, Zaituna, sak yaron da aka kawo aji ranar farko yana neman ƙofar gudu.

Sai da ciniki ya faɗa, aka yi addu'a, na kama ragama, sannan wani dillali ya bushe da dariya ya ce, "Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ai Watsa-Gida ka saya." Wai sunansa ke nan. Wai ranar da aka haife shi uwarsa ta mutu, a makon kuma rumbun mai shi ya ƙone. Wanda ya saye shi daga baya matarsa ta yi yaji. Suka nuna mini inda gashin ƙirjinsa ya murɗe kamar zobe, suka ce duk dokin da ke da wannan ba ya barin gida a tsaye. Na ce musu ni ma akwai inda gashina ya murɗe a ƙeya, kuma gidan ubana yana nan tsaye.

Ban yarda wannan suna ya shigar mini gida ba. Tun a hanya na canza masa. Sunansa Maraba. Duk lokacin da zan ba shi dusa ko kanwa sai na kira sunan a hankali, in shafa wuyansa, don ya haɗa sunan da abin daɗi. Har yanzu dai bai saki jiki ba, harawa ma sai ya shinshina ya kau da kai, amma baƙunta ce, za ta wuce.

Jar akuyarki tana nan lafiya, ta cinye mini rabin zogale. Gidan ya yi mini faɗi. Ina jiran ranar da za ku yi arba'in ku dawo.

Naki,
Kamilu Isa.

Aujara,
27 ga Mayu, 2000.

Zuwa ga Zaituna,

Amincin Allah ya tabbata a gare ki. Yaya jikinki, yaya Ummi? Na ji daɗi da kika ce ta fara bin haske da ido. A gaishe da Baba da Dada.

Takardarki ta iso, na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Kin ce Dada ta rantse ba ke ba Aujara, ba jikarta ba Aujara, muddin dokin nan yana gidan. Kin ce in sayar da shi don a zauna lafiya. Na san ba ra'ayinki kika rubuta ba, domin na san irin maganarki.

Dada uwata ce, ba zan ɗaga mata murya ba har abada. Amma ba zan sayar da Maraba ba. In na sayar da shi, da wane baki zan tsaya gaban yara in ce musu rai da arziki a hannun Allah suke? Ranar nan na gama koya musu cewa kukan mujiya ba ya kashe kowa.

Nan ma ban huta ba. Yaran unguwa suna leƙowa ta katanga suna kiran tsohon sunan, shi kuwa da ya ji sai ya kwantar da kunne ya ja baya, alamar da duka aka saba haɗa masa sunan. Don haka ranar Juma'a bayan an sauko na sayi goro na je majalisar ƙofar Baffa Sale na raba. Na ce, ga goron suna, dokina sunansa Maraba, wanda ya ci goron nan ya ci amana. Mai shayi ya ce, "To Malam, ina ragon?" Aka yi ta dariya. Wani daga cikin samarin da ba su da zance yanzu sai na shari'a ya ce yi wa dabba suna bidi'a ne. Na ce masa goro kawai na raba, ban yi huɗuba ba, amma ya gaya mini a wane littafi ya karanta cewa murɗaɗɗen gashi yana ƙona rumbu. Ya ɗauki goronsa ya jefa a aljihu.

Sai ga abin da na san ya riga ya iso muku a karkace. Baffa Sale, don ƙaunar da yake yi mini tun rasuwar mahaifina, ya shiga gidan ina makaranta, ya kai kasko cikin barga, ya zuba garwashi da wasu saiwoyi, ya ja ƙyaure, wai hayaƙin tsari. Ki duba fa, dabbar da ba ta saba da ɗaki ba, a rufe ta da hayaƙi. Maraba ya tsinke igiya, ya daki ƙyauren ya karya, kwanon ƙyauren ya yanke shi a ƙafar baya. Kafin in dawo, gari ya ɗauka wai dokin Malam ya haukace ya fara watsa gida. Na tarar da Baffa a zaure yana cewa, "Ka gani ko, Kamilu? Ko maganin ma ya ƙi karɓa." Na durƙusa na ce, Baffa, ni ma in aka rufe ni da wannan hayaƙin sai na karya ƙofa.

Na hau babur zuwa Dutse na ɗauko abokina Malam Dalyop, likitan dabbobin nan da ya zo bikinmu. Ya wanke ciwon ya ɗinke, ya yi masa allura. Na nuna masa gashin ƙirjin, ya ce shi a duk karatunsa bai ga cuta mai wannan suna ba, amma in ana sayar da irin waɗannan da araha a nemo masa biyu. Abin da ya dame shi shi ne ramar, domin haƙarƙarinsa sun fara fitowa. Ya ce in bai fara cin abinci ba, ba zai kai damina ba.

Ba zan ɓoye miki ba, wannan maganar ta tsaya mini a rai. In ya mutu za su ce sun faɗa, in ya rayu kuma an ce ba za ki dawo ba. Duk da haka yana nan, kuma sunansa yana nan.

Ki shafa mini kan Ummi.

Mijinki,
Kamilu.

Aujara,
5 ga Yuni, 2000.

Zaituna,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Da fatan kuna lafiya, ke da Ummi da su Baba. An yi yayyafin farko a nan jiya, ƙasa ta yi ƙamshi, manoma sun fara gyaran garma.

Maraba ya ci abinci! Kuma akuyarki ce sanadi.

Tun ranar hayaƙin ya ƙi shiga barga, sai na kafa masa turke a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya, kusa da inda kike ɗaure ta. Na ajiye masa dusa kamar kullum, ya kau da kai kamar kullum. Ita kuwa kin san halinta, ba ta san kunya ba. Ta ja igiyarta har ƙarshe, ta tura baki cikin kwanonsa. Ya dube ta, ya hura hanci, ya ture ta da kai, ya sa baki ya fara ci. Ta dawo, ya sake ture ta. Haka suka yi ta yi har kwano ya koma fes. Ina tsaye da buta a hannu, na manta alwala zan yi.

A nan na tuna abin da dillalan suka faɗa, cewa uwarsa ta mutu ranar haihuwarsa. Ke nan a cikin garke aka raine shi, tsakanin tumaki da awaki, bai taɓa cin abinci shi kaɗai ba. Ni kuma na kawo shi na kulle a ɗaki mai bango huɗu ina ta kiran suna. Yanzu tare suke kwana, ita a gindin ƙafafunsa. In na fita da shi zagaye sai ta yi ta kuka har mu dawo. Shekaranjiya na kira Maraba daga bakin zaure, ya ɗaga kai ya yi haniniya. Ciwon ƙafar ya kame. Ina sa ran kafin fadama ta cika zai iya kai ni ruga a hankali.

To ga dalilin wannan takarda. Yau da hantsi Falalu ya zo da saƙon Dada: a ba shi akuyar ya tafi da ita Ringim, da akwatinki na kaya, domin ita ta ba ki akuyar lokacin aure kuma ba za ta bar ta ta lalace a gidan da ke da wannan doki ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo masa fura, na ce ba zan bayar ba. Ya ce, "Malam Kamilu, yanzu a kan dabba za ka rasa iyali?" Na ce masa ban rasa kowa ba tukuna. Na ce akuyar ba tawa ba ce, ba kuma ta Dada ba ce tun ranar da ta bayar. Ta Zaituna ce, haka addini ya ce, haka al'ada ta ce. In mai ita ta ce a kai, ni da kaina zan ɗora ta a mota. Ya tashi bai sha furar ba.

Na san na ɗora miki nauyi, kuma ke ce a tsakiya. Amma ba zan yi miki wayo ba. In aka ɗauke akuyar, ina jin Maraba zai koma gidan jiya. In aka ɗauke akwatin, ke ma kin san ma'anarsa a idon mutane. Ko an ɗauke duka biyun ba zan sayar da shi ba, zan nemi wata akuya, in riƙa aika Baffa Sale wurin Baba har Allah ya huci zuciyar Dada. Sai dai ba haka nake so ba. Ke nake so a ɗakinki, Ummi a bayanki, kina yi mini faɗa a kan zogale.

Abin da kika ce, shi za a yi. Ki rubuto da hannunki ki ba Sagiru.

Mai begenki,
Kamilu.

Ringim,
9 ga Yuni, 2000.

Zuwa ga Malam,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya. Yaya makaranta, yaya Baffa Sale da mutanen gidansa? Mu nan lafiya lau. Ummi tana ta ƙiba, jiya aka yi mata kitson farko na wasa da ɗan gashin da bai kai a kama ba.

Takardarka ta zo ina wanka, Yaya Falalu ya karɓa ya kai wa Dada, ita kuma ta ajiye ta ƙarƙashin filo har sai da Baba ya dawo ya ce a ba mai ita. Na karanta a gabansu, da ƙarfi, ban tsallake komai ba sai layin begen.

Dada ta ce in rubuta maka a kawo akuyar. Na ce, Dada, ki gafarce ni, ke kika koya mini cewa abin da aka ba mace nata ne, ko miji ba ya taɓawa sai da izini. Ta ce ba don wannan ranar ta koya mini ba. Na ce akuyata tana da aiki a Aujara, ba za ta zo ba. Ban taɓa mayar mata da magana ba tun da aka haife ni, amma ranar na faɗa. Baba yana jan carbi, sai da ya tashi fita ya ce shi dai bai aurar da 'yarsa don ta zauna masa a gida ba, kuma in gashi na watsa gida, wanzamai ne ya kamata su yi mulkin duniya.

Tun ranar Dada ba ta yi mini magana ba sai a kan Ummi. Tana kuka a ɓoye, na sani, tsoro take ji ba ƙiyayya ba, kada ka riƙe ta a rai. Amma yau da safe na ga ta aika a sayo daddawa da kuka da barkono tana dakawa, ta kuma fito da sabon kwando. Ba ta ce na waye ba, ni ma ban tambaya ba.

Ranar Alhamis muke arba'in, Asabar za mu taso a motar Sagiru. Dada ta ce za ta rako mu har Aujara amma ƙafarta ba za ta taka cikin gidan ba, a gidan Baffa Sale za ta sauka. Ka bar ta, kada ka aika a lallashe ta. Ka dai gaya wa Baffa ya ɓoye kaskonsa.

Ka share mini ɗaki, ka fitar da littattafanka daga kan gadona. Kada ka matsar da turken daga gindin darbejiya don za mu zo, ka bar su inda suke. Ka tsawaita wa akuyata igiya, kuma ka riƙa ƙara dusa, tun da yanzu baki biyu ne a kwano ɗaya, ba na so in tarar an ramar mini da ita saboda Maraba.

Taka,
Zaituna.